Masu Koya wa Kwamfuta Alƙalanci

A cikin dogon jerin sunayen da ke gangarowa a ƙarshen babban wasan kwamfuta, wanda da wuya a samu mai tsayawa ya karanta, akwai wasu mutane da ake kira masu tsara ƙa'idojin wasa. Ba su suka zana dodanni ba, ba su suka rubuta labarin ba, kuma ba muryarsu ake ji ba. Aikinsu lissafi ne da yanke hukunci: saran takobi nawa zai rage daga ran abokin gaba, sau nawa matsafi zai jefa wuta kafin ƙarfinsa ya ƙare, me zai faru idan wani ya hankaɗo wani daga kan ganuwa. A cikinsu kuma akwai waɗanda aikinsu ya fi na saura wuya, domin ba a sakar musu mara su ƙirƙiro doka yadda suka ga dama ba. Littafi ake miƙa musu, wanda miliyoyin mutane suka sani, wasu ma sun haddace shi shafi-shafi, a ce su mai da shi wasan kwamfuta.

Littafin da aka fi miƙa musu shi ne na Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka ya buga. Wasa ne na zama a kewaye tebur. Mutum huɗu ko biyar, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya, mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo ko mai warkarwa, ya rubuta ƙarfinsa da basirarsa da kayan yaƙinsa a takarda. Mutum ɗaya kuma shi ne jagora. Shi ke bayyana garin da aka shiga, shi ne bakin sarki da bakin ɗan kasuwa da bakin dodo, shi ne kuma alƙali. Ɗan wasa zai faɗi abin da jaruminsa ke son yi. Idan abin yana da kasada sai a jefa dayis, irin na lido, sai dai wanda aka fi amfani da shi fuska ashirin gare shi. Lambar da ta fito, a haɗa ta da ƙwarewar jarumin, ita za ta nuna ko ya dace ko ya faɗi.

Abin da duk mai wannan sana'a yake ganowa tun ranar farko shi ne, ba don na'ura aka rubuta littafin nan ba, don mutum mai hankali aka rubuta shi. Cike yake da giɓi, kuma da gangan aka bar su. Ɗan wasa zai iya cewa, "Ni ba zan yi faɗa da masu gadin nan ba, zan yanke igiyar da ta riƙe fitilar rufi ta faɗo musu." Babu shafin da ya yi maganar wannan fitila. Jagora zai ɗan yi shiru, ya ce a jefa dayis, ya yanke hukunci, wasa ya ci gaba. Yana kuma karanta fuskokin mutanensa, kamar yadda kaka mai tatsuniya take duban jikokinta, in ta ga tsoro ya yi wa ƙaramin yawa ta rage wa dodo ƙarfi, in ta ga sun fara gyangyaɗi ta shigo da Gizo. Kwamfuta ba ta ganin fuska. Abin da ba a gaya mata tun farko ba, babu shi a duniyarta. Don haka ainihin aikin mutanen nan shi ne su zauna a kujerar jagoran da ba zai halarci wasan ba, su yanke dubban hukunce-hukuncen da zai yanke, shekaru kafin ɗan wasa ya zo.

Sana'ar ta tsaya da ƙafafunta a hannun kamfanin SSI na jihar Kalifoniya, wanda ya samu lasisi daga TSR ya fitar da Pool of Radiance a 1988. Ma'aikatan SSI mutanen wasannin yaƙi ne, masu son jadawali da lissafi, kuma sun bi littafin sau da ƙafa. Faɗa bi da bi ake yi, a kan fili mai gidaje-gidaje, kowane jarumi ya jira lokacinsa. Faifan wancan zamani bai da sararin ɗaukar dogon labari, sai aka buga wani ɗan littafi aka sa a cikin kwali, wasan ya riƙa cewa ka je ka karanta lamba kaza. Amma biyayyar ta zo da wahalarta. Bayan kowane faɗa, sai mai warkarwa ya haddace addu'ar warkarwa, a kwanta a huta, ya tashi ya yi wa mutum ɗaya, a sake haddacewa, a sake kwanciya, har sai kowa ya warke. A tebur jagora zai ce, "Kun yi kwana uku kuna jinya, kun warke," magana ta ƙare. A wasan da ya biyo baya, Curse of the Azure Bonds na 1989, SSI suka ƙara umarni guda da ke yin duk wannan zagaye a dannawa ɗaya. Ba su taɓa ko harafi na dokar ba. Jimlar nan ta jagora suka mai da maɓalli. A ganina daga wannan ɗan gyara aka fara fahimtar sana'ar.

Bayan shekara goma aka yi tsallen da har yau ake jayayya a kansa. Kamfanin BioWare na birnin Edmonton a Kanada, wanda wasu likitoci uku suka kafa a 1995, ya fitar da Baldur's Gate a watan Disamba na 1998, a kan faifan CD biyar. Babban mai tsara wasan, James Ohlen, tsohon jagora ne da ya daɗe yana gudanar da wasa a tebur, har wasu jaruman wasan, irin su Minsc, daga teburinsa suka fito. A lokacin kasuwa ta karkata ga wasannin da komai ke tafiya ba tsayawa, kuma masu kuɗi na ganin faɗan bi da bi ya zama tsohon yayi. Sai BioWare suka raba gardama. A littafin da suka bi, bugu na biyu na Advanced Dungeons & Dragons, zagayen faɗa ɗaya minti guda ne; suka matse shi ya koma daƙiƙa shida, suka ba kowane jarumi agogonsa, kowa na motsi lokaci guda, amma ɗan wasa na iya danna maɓalli ya tsayar da duniya, ya ba jarumansa shida umarni, ya sake ta. A ƙarƙashin hoton, dayis na nan ana jefawa daidai yadda littafi ya ce.

Dabara ce mai kyau, kuma ta ceto wannan nau'in wasa daga durƙushewa. Sai dai taɓa lokaci taɓa komai ne. A tebur, matsafi na duban inda abokan gaba suke tsaye ya jefa musu ƙwallon wuta. A Baldur's Gate, kafin ya gama karanta tsafin sun riga sun taso, wutar ta faɗi a fili, ko ta cinye mayaƙinsa da ya shiga tsakiyarsu. Ga kuma abubuwan da aka ɗauko yadda suke ba tare da mai bayani ba. A wancan bugu, ƙarancin lambar sulke shi ne ƙarfinsa, har ta kan gangara ƙasa da sifili, sabon ɗan wasa ya sa sulke mai tsada ya ga lamba ta ragu ya ɗauka an cuce shi. Matsafi kan fara wasa da makin rai wajen huɗu da tsafi ɗaya tal, kerkecin farko da ya gamu da shi a daji zai iya gamawa da shi. A tebur jagora ba zai sako wa sabon yaro kerkeci a daren farko ba, in ma ya sako zai san yadda zai yi. A kwamfuta mafita ɗaya ce, a koma inda aka ajiye wasa a sake.

Wanda ya leƙa wurin aikin mutanen nan ba zai ga abin burgewa ba. Littafin dokoki a buɗe, ya sha alamomi, ga katon jadawali a allon kwamfuta, layi ɗari-ɗari, kowane layi tsafi guda ko dodo guda ko makami guda. Aikin farko tankaɗe ne. Akwai dokokin da na'ura ke ɗauka kai tsaye, irin su lissafin sara da kariya. A nan ma ta fi mutum, domin ba ta mantuwa kuma ba ta gajiya. Akwai waɗanda sai an yi musu kwaskwarima. Akwai kuma waɗanda ba yadda za a yi da su sai a ajiye. Daga nan sai tambayoyin da ba sa ƙarewa, waɗanda mai rubuta manhaja zai zo da su yana neman amsa ɗaya tak. Tsafin da ke sa mutum ya ɓace wa gani, in an watsa masa ruwa ana ganinsa? In an mai da jarumi tunkiya alhali yana tsakiyar magana da sarki, hirar ta tsaya ko ta ci gaba? In ɗan wasa ya kashe mutumin da zai ba shi mabuɗi kafin su gaisa, ina mabuɗin? Littafi na iya cewa "jagora zai duba," manhaja ba ta san wannan magana ba. Kuma kowace amsa kuɗi ce: sai mai zane ya zana, mai motsa hoto ya motsa, ɗan wasan kwaikwayo ya shiga ɗakin ɗaukar murya, masu gwaji su kwana suna neman inda za ta fashe.

A manyan tsafe-tsafe ne abin ya fi fitowa fili. Littafin yana da tsafin buri, wanda mai shi zai faɗi duk abin da ransa ke so, jagora ya duba yadda zai cika masa, sau da yawa da ƙaiƙayi a ciki. Da BioWare suka sa shi a Baldur's Gate II, jerin zaɓi suka ba ɗan wasa, hikimar jarumin da ke magana ita ke nuna ko jerin zai yi kyau ko ya zo da masifa. Kamfanin Larian, a Baldur's Gate 3, ya tsayar da hawan jarumai a mataki na 12, alhali littafi ya kai 20, domin daga nan gaba tsafe-tsafen na iya tsallaka duniyoyi da rushe duk labarin da aka gina. Sun kuma bar tsafin da ke karya sihiri, duk da cewa kowane ɗan tebur ya san shi, saboda duniyar wasan cike take da abubuwan sihiri, kuma da sun sa shi, sai sun rubuta abin da zai faru da kowannensu in an karya. Amma tsafin magana da gawa da na magana da dabbobi, waɗannan sun biya kuɗinsu cif: an rubuta wa gawarwaki amsoshi, an ba bera da kare da saniya murya da hali. A nan ake gane gwani. Ya san ba zai iya cika kowane alkawarin littafi ba, sai ya zaɓi wanda zai cika, ya cika shi har ƙarshe.

Akwai kuma mai littafi, wanda ba a yin komai sai da sa hannunsa. Wizards of the Coast suka sayi TSR a 1997, Hasbro ta sayi Wizards a 1999, kuma duk mai son sa sunan Dungeons & Dragons a kwalinsa sai ya bi ta ƙofarsu. Swen Vincke, wanda ya kafa Larian a birnin Ghent na Beljiyam a 1996, ya taɓa neman lasisin Baldur's Gate aka hana shi. Sai da aka ga aikinsa a Divinity: Original Sin II aka buɗe masa ƙofa. Wani lokaci ma igiyar kan tsinke ana tsakiyar aiki. Fallout, wanda Tim Cain ya jagoranta a kamfanin Interplay, a kan tsarin wasan tebur GURPS na Steve Jackson aka gina shi, sai yarjejeniya ta watse gab da kammalawa, dole ma'aikatan suka ƙera nasu tsarin, SPECIAL, cikin gaggawa, wasan ya fito a 1997. Abin lura, tsarin da aka ƙera don na'ura tun asali bai rage wa wasan komai ba, har yau ana amfani da sunansa. Ƙananan kamfanoni kuwa suna da ƙofar baya: wani yanki na dokokin da Wizards suka sake wa kowa. Da shi kamfanin Tactical Adventures na Faris, ƙarƙashin Mathieu Girard, ya yi Solasta, wanda ya fito a 2021. Yankin da aka sake bai ƙunshi komai ba, reshe ɗaya kawai ya bayar ga kowane irin jarumi, sai suka ƙirƙiro sauran da kansu. Haka aka wayi gari wasan da ya fi kowa bin dokar bugu na biyar shi ne wanda ba shi da izinin sa sunanta a goshinsa.

Masu cewa a bi littafi harafi da harafi suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Dokokin nan an shafe shekaru ana gwada su a dubban tebura, kowace tana jingine da wata, kuma mai taɓa ɗaya bai san me zai zubo ba. Wasan da suke yawan ambata shi ne The Temple of Elemental Evil, wanda kamfanin Troika ya fitar a 2003, Tim Cain ɗin nan dai yana cikin jagororinsa. Suna cikin aiki aka sabunta dokokin zuwa bugu na 3.5, suka juya suka bi sabon. Faɗansa har yau abin koyi ne: taku ɗaya na kauce wa sara, jiran abokin gaba ya shigo kafin a kai masa, kayar da mutum ƙasa, duk suna nan. Amma wasan ya fito da kurakurai masu yawa, labarinsa kuma ba shi da nama, Troika ta rufe a 2005. Masoya ne, wata ƙungiya mai suna Circle of Eight, suka ɗauki shekaru suna ɗinke shi kyauta.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Pathfinder: Kingmaker, wanda kamfanin Owlcat ya fitar a 2018. Tun wasa bai yi nisa ba, ana aiken jarumai wani kogo su ɗebo 'ya'yan itace, sai su tarar da dandazon ƙananan gizo-gizo. Dokar Pathfinder, wasan teburin da aka gina shi a kansa, ta ce takobi da kibiya ba sa yi wa irin wannan dandazo komai, sai wuta ko wani abu mai watsuwa. Doka ce mai ma'ana, kuma Owlcat sun bi ta daidai. Mutane da yawa suka shiga kogon suna ta sara, ba abin da ke raguwa, har jarumansu suka ƙare, suka fito suna cewa wasan ya lalace. Wasan bai lalace ba. Abin da ya ɓace shi ne jimla ɗaya da kowane jagora zai faɗa bayan sara na biyu: "Takobinka na ratsa su kamar ba ka taɓa komai ba, amma ka lura suna gudun wutar da ke hannun abokinka." An ɗauko dokar an bar mai fassara ta a baya. Wannan ba biyayya ga wasan tebur ba ce, domin a tebur dokar ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba.

Sai matsalar hutu, wadda ta addabi kowa tun zamanin SSI. Ƙarfin matsafi a D&D ƙididdigagge ne, in ya ƙare sai ya yi barcin awa takwas. Littafin jagora na bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, ya gina lissafinsa a kan cewa jarumai za su iya faɗa shida zuwa takwas kafin su kwanta. Wannan ne ke daidaita matsafi da mayaƙi: ɗaya na da ƙarfi mai yawa da ke ƙarewa, ɗaya na da matsakaici da ba ya ƙarewa. A tebur, in 'yan wasa suka ce za su kwanta bayan kowane faɗa, jagora zai tuna musu cewa wanda suka zo ceto ba zai kai gobe ba. A kwamfuta ba mai tunatarwa, sai kowa ya riƙa kwanciya bayan kowace arangama, matsafi ya zama sarki, mayaƙi ya zama ɗan rakiya. Kowane kamfani da maganinsa. BioWare sun sa dodanni na iya farmakar masu barci. Owlcat sun sa wa'adi a kan manyan ayyuka, har wasu suka riƙa kukan an takura musu. Larian sun sa dogon hutu na cin guzuri 40, gajeren hutu kuma biyu kawai tsakanin barci da barci, sai dai abinci ya yi yawa a duniyar wasan, kuma rabin labarin a sansani yake faruwa da dare, wato wasan da kansa yana tura ka ka kwanta. Har yanzu ban ga wanda ya warware wannan ƙulli gaba ɗaya ba.

Larian sun yi wani abu da ya bar mu muka ga sana'ar tana gudana a bainar jama'a. Sun saki kashin farko na Baldur's Gate 3 a watan Oktoba na 2020, kusan shekara uku kafin cikakken wasan ya fito ranar 3 ga Agusta, 2023, mutane na bugawa suna ƙorafi, su kuma suna gyara. A farko, duk wanda ya hau tudu ya kai hari daga sama ana ba shi abin da littafi ke kira fifiko, wato ya jefa dayis biyu ya ɗauki mafi girma. Ga wanda ke buƙatar 11 ko sama, damar dacewarsa na tashi daga kashi 50 cikin ɗari zuwa 75. Illar ba a girman lambar kaɗai take ba. A bugu na biyar fifiko ba ya taruwa. In kana da shi sau ɗaya, na biyu bai ƙara maka komai. To akwai tsafe-tsafe da dabaru da dama da duk amfaninsu shi ne samar da wannan fifiko, wasu ma da tsada, kamar mayaƙin da ke buɗe ƙirjinsa ga sara don ya samu. In hawa kan akwati na ba da shi kyauta, duk waɗannan sun zama banza. 'Yan tebur suka yi ta bayani, Larian suka saurara, suka mai da ladan tudu ƙarin maki biyu, wato daga kashi 50 zuwa 60. Tudu bai rasa darajarsa ba, sauran ginin kuma ya tsira. A nan masu bin littafi ne suka yi gaskiya.

Sun sake yin gaskiya a kan martani. A tebur, jarumi na iya katse lokacin wani: abokin gaba ya fara tsafi, matsafinka ya ce, "Tsaya, na tare shi," ko ya ƙyale ya adana ƙarfinsa don wanda ya fi haɗari. Da farko Larian sun mai da wannan abin kunnawa da kashewa, na'ura ta yanke maka, don kada faɗa ya riƙa tsayawa. Solasta kuwa tun farko tambaya yake yi. A ƙarshen 2022 Larian suka sa tambayar su ma. Amma a wasu wuraren sun tsaya a kan bakansu, kuma ina ganin sun kyauta. Shan magani da hankaɗa abokin gaba, duk sun sauƙaƙa su sun zama ƙaramin aikin da ba ya cinye lokacin jarumi. Wannan ya saɓa wa littafin 2014, amma ya dawo da wani abu na tebur da wasannin baya suka rasa, wato ɗan wasa ya dubi ɗaki ya ga rami da ganga da igiya, ya yi tunanin abin da ba a rubuta a takardarsa ba. Inda doka ke ba mutum zaɓi mai nauyi, a bar masa ita yadda take. Inda na'ura ta ƙwace masa 'yancin da jagora ke ba shi, a nemo hanyar biyansa ko da littafi bai faɗa ba.

Inda nake da ja da Larian shi ne dayis. Mutum ba ya jure rashin sa'a a jere. Wanda aka nuna wa damar kashi 75 ya kuskure sau uku a jere zai rantse na'ura na cutarsa, alhali lissafi ya ce hakan na faruwa sau ɗaya cikin 64, kuma a wasan da ake jefa dayis dubbai, dole ya faru sau da dama. A tebur da hannunka ka jefa, abokai suka yi ihu, abin ya zama labari. Kai kaɗai a gaban allo, haushi ne zalla. Larian sun yi abu biyu. Sun fito da dayis ɗin a tsakiyar allo yana juyawa, ana ganin kowane makin da aka ƙara da inda ya fito, wannan kuwa ya koya wa miliyoyin mutane dokar D&D ba tare da sun buɗe littafi ba. Sannan sun sa wani tsari da ke karya jerin rashin sa'a a ɓoye, kuma a kunne yake zuwa, sai mai so ya je ya kashe. Na san jagorori ma kan yi irin wannan a bayan labulensu. Amma in allo ya rubuta 75, ya kamata ya zama 75. A sauya doka yadda aka ga dama, a dai gaya wa mutum dokar da yake wasa da ita.

Maganin da ya fi wannan shi ne a sa faɗuwa ta zama abin so. Disco Elysium na 2019, wanda Robert Kurvitz da abokansa 'yan Estoniya suka tsiro da shi daga duniyar da suka daɗe suna wasa da ita a tebur, dayis biyu masu fuska shida kawai yake jefawa. Wasu gwaje-gwajen ana iya sake su, wasu sau ɗaya ne. Amma marubutan sun zuba ƙwazo a kan abin da ke biyo bayan faɗuwa, har ya zama wani lokaci in jaruminka ya ji kunya labarin ya fi daɗi, ba ka jin sha'awar komawa baya. Aiki ne mai tsada, domin ana rubuta abin da rabin 'yan wasa ba za su gani ba. Shi ne kuma mafi kusa da abin da jagora nagari ke yi.

Wasu sun gaji da littafin wani sun rubuta nasu. Josh Sawyer, wanda ya fara da Icewind Dale yana bin dokokin D&D, da ya samu dama a kamfanin Obsidian, bayan jama'a sun tara musu kusan dala miliyan 4 a dandalin Kickstarter a 2012, ya gina wa Pillars of Eternity tsarin da ya dace da na'ura. Ya sa wani mataki tsakanin dacewa da kuskure, inda sara ke shafar mutum ya yi rabin rauni, lissafin da zai gajiyar da mutane a tebur amma kwamfuta ba ta jin nauyinsa. BioWare kuma sun taɓa gwada akasin haka a Neverwinter Nights na 2002: suka ba mutum kujerar jagora a cikin wasan, ya riƙa sako dodanni yana magana da bakin mutanen gari ta intanet.

Babu makarantar da ke yaye mutum a wannan fanni kai tsaye. Yawancinsu ta hanya biyu suke shigowa: ko sun shafe shekaru suna jagorancin tebur har sun san lokacin da ake rufe littafi, ko sun fara da kwance wasan wani suna gyara shi a gida ba ko sisi. Waɗannan 'yan sa-kai sukan riga kamfani ganin abin da ya kamata. Kingmaker ya fito da faɗan da ba ya tsayawa, irin na BioWare, sai wani mai gyara ya ɗora masa tsarin bi da bi, mutane suka yi ta saukewa, a 2020 Owlcat suka sa nasu a hukumance, kuma wasansu na gaba, Wrath of the Righteous, ya zo da duka biyun tun ranar farko a 2021. Larian kuwa, bayan Baldur's Gate 3 ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara ta 2023, Vincke ya tsaya a taron masu ƙera wasanni a San Francisco a watan Maris na 2024 ya sanar cewa ba za su yi na huɗu ba, ba kuma za su ƙara wa na uku wani babi ba. Sun mai da wa Wizards littafinsu, sun koma rubuta dokokin kansu.